Inuwar Dillali ko Ƙofar Kanka: Gardamar Ƴan Jingar Intanet a Damargu

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Tanut da Agadas, da ya ci kilomita hamsin da ɗoriya zai hangi matatar mai ta SORAZ a ƙasar Ollelewa ta Damargu. Tun watan Nuwamba na 2011 take aiki, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana daga man da ake turowa ta bututu tun daga Agadem. Ba nisa da ita ga Bakin Birji mai kasuwar Litinin, inda gero da wake da bisashe suke canja hannu tun ba a san da mai a ƙasar ba. Tsakanin matatar da kasuwar akwai wasu matasa da ta farko ba ta ɗauke su aiki ba, ta biyun kuma ba ta sayen hajarsu. Sun yi lakwal, wasu har sun gama Jami'ar André Salifou ta Damagaram. Abin da ke hannunsu shi ne fassara tsakanin Faransanci da Hausa, mai da hirar da aka ɗauka a waya zuwa rubutu, zanen tambari da allon talla, haɗa bidiyo, shigar da alƙaluma a kwamfuta, da tsara takardar neman tallafi. Ba su da ubangida mai biyan albashi. Aikin jinga suke yi: a yi ciniki, a yi aiki, a biya, kowa ya kama gabansa.

Gardamar da ke tashi a fadarsu idan an ɗora shayi ita ce ta inda mai neman aiki zai same su. Wasu sun ce a shiga manyan kasuwannin jinga na intanet, irin su Upwork da Fiverr da ComeUp, a buɗe rumfa a can. Wasu sun ce a'a, mutum ya gina shafinsa da sunansa, ya tallata kansa, kada wani ya ci guminsa. Na saurari ɓangarorin biyu, kuma ina ganin kowannensu ya riƙe gaskiya a wani wuri, ya sake ta a wani.

Masu goyon bayan kasuwa suna da hujjar da ta girmi intanet nesa ba kusa ba, kuma Damargu ta san ta. Wannan ƙasa ita ce rumbun hatsin da Abzin ke ci, kuma ta nan ayarin da ke tsakanin Kano da Damagaram da Agadas da Tarabulus yake ratsawa, har zuwa lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya karya cinikin hamada. Baƙon da ya sauka da kaya a garin da ba a san shi ba, ba ya shiga kasuwa kai tsaye. Wurin fatoma yake sauka. Fatoma ya ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an sayi kayan bashi. Masanin nan Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna cewa cinikin shanu tsakanin Arewa da mahautan Yarbawa a kan wannan tsari ya tsaya: mai shanu bai san mahauci ba, mahauci bai san mai shanu ba, maigida ne ya san su duka, shi ke ɗauke da nauyin bashin. Har yau a karar dabbobi, mai sayen sa yana son dillali a tsakani, don dillalin ne shaidar cewa ba na sata ba ne.

To, in ji su, matashin Ollelewa da ke neman aikin fassara daga wani kamfani a Faransa ko Kanada baƙo ne fiye da duk wani baƙon ayari. Mai ba da aikin bai taɓa jin sunan Tanut ba. Da yawansu ma ba sa bambanta Nijar da Nijeriya. Me zai sa ya tura kuɗi ga mutumin da bai gani ba? Me kuma zai sa matashin ya kwana uku yana aiki ga wanda zai iya karɓar aikin ya kashe waya? Kasuwar jinga ta warware wannan da abu ɗaya mai sauƙi: mai saye yana zuba kuɗin a hannun kasuwar kafin a fara aiki, kuɗin na nan a ajiye, sai an miƙa aiki an karɓa sannan a sakar wa mai aikin. Idan rigima ta tashi akwai inda za a kai ƙara. Duk wanda ya taɓa yin aiki aka ce masa "sai wata ya yi", wata ya yi ya mutu ba labari, ya san darajar wannan.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko nauyi a wurina, domin ba ta da makawa. Ita ce hanyar da kuɗi zai bi ya iso. A cikin ƙasa ba mu da matsala: Nita da Amana da Al Izza sun kai har ƙananan garuruwa, Airtel Money da Moov Money suna cikin waya. Amma Bature mai son biyan Yuro 50 ba ya zuwa layin Western Union saboda ɗan ƙaramin aiki. Da katin banki yake son biya, cikin minti ɗaya. Kamfanin Stripe, wanda shafuka da yawa a duniya suke karɓar kuɗin kati da shi, ba ya buɗe wa ɗan kasuwar Nijar asusu. PayPal kuwa, asusun da aka buɗe da adireshin Nijar na aika kuɗi ne, ba na karɓa ba. Ke nan ko da shafinka ya fi na kowa kyau, mai saye zai zo bakin biya ya tarar ƙofa a rufe. Kasuwar jinga ita ke karɓar katin, sannan ta turo maka ta Payoneer ko ta banki. Hanyar tana da tsawo, ana kuma yankar wani abu a kowace gaɓa, amma dai tana isowa.

Sai kuma taron jama'a. Masu neman ma'aikaci sun riga sun san waɗannan kasuwanni, can suke zuwa da kuɗinsu a hannu. Akwai kuma wani amfani da ba a cika faɗa ba: kasuwar makaranta ce. A nan sabon shiga yake koyon yadda ake rubuta tayi, yadda ake yanka wa aiki farashi, da cewa idan an ce ranar Laraba to Laraba ake nufi. Ƴan mata da matan aure masu ilimi a Tanut ko Balbeji, waɗanda fita neman kwangila ofis-ofis ba ta yi musu sauƙi ba, suna da wani dalilin na daban. A cikin kasuwar ba sai sun baza lambar wayarsu ga duniya ba, magana a rubuce take, kuma ba wanda zai ce "zo ki karɓi kuɗinki da kanki." Wannan kariya ce ta gaske, kuma mazan da ke gardamar sukan manta da ita.

Yanzu ga masu cewa a gina shafi. Abin da suke fara kawowa la'ada ne, kuma lissafinsu daidai yake. Fiverr, wanda aka kafa a Isra'ila a 2010 da ayyukan dala biyar-biyar na Amurka, yana cire kashi 20 cikin ɗari daga kowane ciniki, sannan sabon mai sayarwa ya jira kwana 14 kafin kuɗin su zama nasa. ComeUp na Faransa, wanda a da ake kira 5euros, kuma matasan ƙasashe masu Faransanci suka fi sabawa da shi, shi ma kashi 20 ne ga wanda bai biya kuɗin rajistar wata-wata ba. Upwork, da ya samu wannan suna a 2015 bayan haɗewar Elance da oDesk, ya sauya tsarin la'adarsa a 2023, ya sake sauyawa a 2025, yanzu tana kaiwa har kashi 15 gwargwadon aikin. Bayan haka kuma sai ka sayi wasu tikitoci kafin ka miƙa tayi, ko an ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗan ɗori. Wanda yake samun aikin Yuro 200 a wata, idan ana cire masa kashi 20, a shekara ya bar Yuro 480, wato sama da jika 300. A Damargu wannan kuɗin buhunan gero ne masu yawa, ko raguna, ko allon hasken rana da batirinsa. Sunan shafi kuwa, irin mai ƙarewa da .com, dalar Amurka goma sha wani abu ne a shekara, hayar wurin ajiye shi ma ba ta kai kusa da waccan la'adar ba.

Ni dai la'adar ba ita ta fi damuna ba. Dillali ma yana cin la'ada, ba wanda ya ce haram ce, tunda ya yi aiki. Abin da ya fi damuna shi ne inda kwatancen da fatoma ya tsaya. Baƙon da ya yi shekaru yana sauka a gari, a ƙarshe garin ya san shi. Sunansa nasa ne, ko ya sauya masauki mutuncinsa na biye da shi. A kasuwar intanet ba haka ba ne. Taurarin da masu saye suka ba ka, da yabon da suka rubuta, da shekarun da ka yi kana cika alkawari, duk suna cikin littafin kamfanin, ba za ka iya ɗaukarsu ka kai wata kasuwa ba. Mai sayen ma ba naka ba ne. Fiverr ya hana a ja ciniki zuwa waje. Upwork ya shardanta cewa wanda kuka haɗu da shi a can, sai ta can za ku riƙa biyan juna har shekara biyu, sai fa in an biya kuɗin fansa. Wanda ya saɓa, a rufe masa asusu.

Kuma rufewar ba sai ka yi laifi ba. A watan Maris na 2022, bayan Rasha ta shiga Yukiren, Upwork da Fiverr suka dakatar da aiki a Rasha. Mai zane ko mai fassarar da ya yi shekaru yana tara suna a can, wanda ba shi ya aika soja ko'ina ba, ya wayi gari ba rumfa. Mu a Nijar bai kamata mu ji wannan kamar labarin nesa ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, aka tsayar da hada-hadar kuɗi, Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu, ba a ɗage ba sai 24 ga Fabrairu 2024. Mun ga da idonmu yadda shawarar da aka yanke a wani babban birni take isowa har cikin aljihun talaka. Wanda duk abincinsa ya rataya ga kamfani ɗaya na ƙetare, ya sa wuyansa inda ba shi da bakin magana.

Akwai kuma abin da ya shafi ƙasarmu kai tsaye. Na'urar da ke jera masu aiki a waɗannan kasuwanni tana fifita mai saurin amsa saƙo da mai miƙa aiki kan lokaci. Ba ta san an ɗauke wuta ba, ba ta san rezo ya tafi tun azahar ba, ba ta san hadari ya taso an rufe allon rana ba. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga duhu. Mai saye da ya san ka, za ka kira shi ka ba shi haƙuri ya fahimta. Na'ura kuwa sai dai ta rage maka maki, ka koma shafi na goma inda ba mai dubawa. Ga cunkoso: rahoton Bankin Duniya na 2023 ya ƙiyasta masu aikin jinga ta intanet tsakanin miliyan 154 da miliyan 435. Mai zanen tambari na Bakin Birji yana gasa da na Lahore da Dhaka da Kwatano, waɗanda wutarsu da layinsu suka fi nasa tsayawa. Inda masu sayarwa suka yi yawa haka, farashi ƙasa yake yi. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 kuma, ƙananan ayyukan rubutu da fassara masu arha su ne na'ura ta fara lashewa.

Duk wannan gaskiya ne. Amma idan aka tambayi mai shafin, "To, Malam, wa ya shigo shafin naka a wannan watan?", sau da yawa sai murya ta yi ƙasa. Nan ne raunin ɓangarensu, kuma babba ne. Shafi ba ya kiran kowa. Kafin Google ya ɗora ka a inda ido zai gan ka, sai an yi watanni ana rubutu da gyara, wani lokaci da kuɗin talla, kuma kuɗin tallan ma da katin banki ake biya. Shafin ba ya riƙe wa kowa kuɗi amana, ba ya raba gardama. Duk abin da aka rubuta a ciki kai ka rubuta, mai karatu ya san haka, don haka yabon kai ne har sai wani ya shaida. Na ga matasa sun kashe kuɗin da ba su da shi wajen ƙawata shafi da hotuna masu motsi, wanda a layin ƙauye ba ya ma buɗewa. Wannan asara ce, kuma tana sa mutum ya yanke ƙauna daga sana'ar gaba ɗaya alhali ba sana'ar ce ta ƙi ba.

Wasu kan ce ai shafin Facebook ko WhatsApp Business ya wadatar, kyauta ne, mutanenmu kuma can suke. Rabin maganar daidai ne, can suke. Amma wannan ma gidan wani ne. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kimanin awa shida, kuma kullum ana rufe wa mutane asusu ko a sace shi. Yana da amfani a matsayin hanyar magana, amma kada a kira shi mallaka.

Inda nake ganin ɓangarorin biyu suka yi kuskure tare shi ne, duk sun ɗauka mai sayen yana Turai. Suna gardama kan hanyar isa ga Bature, ba su tsaya sun tambayi wa ya fi buƙatar abin da suka iya ba. Matashin Damargu ba zai fi ɗan Dhaka arhar zanen tambari ba. Amma ɗan Dhaka ba zai iya zama da matan wani ƙauye a ƙasar Tarka ya ɗauki bayanansu da Hausar da suke ji ba. Ba zai fassara saƙon rigakafi zuwa Tamajak ko Fulatanci ko Barbarci ba, harsunan da a wannan yanki ake jin su a kasuwa ɗaya. Bai san wace kalma ce za ta sa tsoho ya saki jiki, wace ce za ta sa ya tashi ya bar taron ba. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki, buƙatar masu iya rubuta Hausa daidai, da ƙa'idarta, ba za ta ragu ba. Masu buƙatar irin wannan aiki su ne ma'aikatun magajin gari, ƙungiyoyin manoma da makiyaya, gidajen rediyon karkara, masu bincike daga jami'o'i, furojoji, ƴan kasuwar da ke son allon shago ko tallan murya, da ƴan kwangilar da ke kewaye da matatar mai, musamman yanzu da hukuma take matsa wa kamfanonin mai da ma'adinai su fifita ƴan ƙasa wajen aiki da kwangila.

Waɗannan ba sa zuwa Fiverr. Ta bakin wani suke jin labarinka. Wani ya ce, "Akwai wani yaro a Bakin Birji, aikinsa na da kyau, ga lambarsa." Matsalar biyan kuɗi ma ba ta taso ba, Nita ko Amana sun isa, a ba da kafin alƙalami, a cika saura in an gama. A nan ne shafi yake da aiki, amma ba aikin da masu shi suke zato ba. Ba shi zai jawo mutum ba. Shi zai tabbatar wa wanda aka riga aka turo cewa bai yi ɓatan kai ba. Jami'in furoje a Yamai da aka ba shi sunanka zai duba kafin ya kira. Idan ya tarar da shafi ɗaya mai sauƙi, da cikakken suna, da ayyuka uku ko huɗu da ka yi, da sunan waɗanda suka yarda a tambaye su game da kai, da adireshin imel mai ɗauke da sunan shafin, ya samu abin da zai nuna wa nasa shugaban. Idan kuma kana da lambar haraji ta NIF da rajistar kasuwanci, to ka shiga sahun waɗanda ofis zai iya rubuta wa takardar biya. Wannan takarda ta fi tauraro ɗari amfani a Damagaram.

Bakin Birji ma ta taɓa shiga littattafan masana kan abu mai kama da wannan. Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki daga Amurka, ta bi kasuwannin hatsin Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da wayar salula take shiga gari-gari. Ta gano cewa bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Abin lura shi ne, wayar ta sauƙaƙa wa ɗan kasuwa jin farashin wasu kasuwanni daga inda yake. Waɗanda ya riga ya sani a Tanut da Damagaram da Maraɗi su ya riƙa kira maimakon ya hau mota. Na'urar ta ƙara wa sanayya tsawon hannu ne. Ina ganin shafin ɗan jinga ma iyakarsa ke nan, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai masu kasuwa suna da amsa, kuma dole a saurare ta. Kasuwar gida ƙarama ce, tana kuma ƙara tsukewa. A 2025 Amurka ta rushe hukumar USAID, ayyuka da yawa suka tsaya cak. A farkon shekarar kuma hukumomin Nijar suka umarci ƙungiyar Croix-Rouge ta duniya ta rufe ofisoshinta. Kowane furoje da ya tafi, ya tafi da aikin masu fassara da masu ɗaukar bayanai. Ga jinkirin biya a ofisoshi, ga kuma sanayyar nan da na yaba, wadda take da mummunan gefe: wanda ba shi da kowa a sama, sunansa ba ya isa teburin da ake raba aiki. Ɗan talaka mai basira wani lokaci ya fi samun adalci a wurin baƙon da bai san ubansa ba, aikinsa kawai ya gani. Wannan magana ta taɓa ni, domin gaskiya ce, kuma ita ce ta hana ni cewa a bar kasuwannin ƙetare.

Abin da zan gaya wa ƙanena da ke wannan sana'a shi ne ya fara duba hajarsa kafin ya duba rumfa. In abin da yake sayarwa irin wanda kowa a duniya ke yi ne, kuma ba wanda ya san shi, ya shiga kasuwa, ya biya la'ada da zuciya ɗaya, ya ɗauke ta kuɗin koyo da kuɗin amana. Amma ko a can, ya sa harshe da sanin ƙasa a gaba, kamar naɗar muryar Hausa, rubuta hira, da duba fassarar da na'ura ta yi, inda masu gasa da shi ba su da yawa. Ya shiga da sunansa na gaskiya da ƙasarsa ta gaskiya. Sayen asusun wani ko ɓoye inda kake da dabarar na'ura yaudara ce, kuma ranar da aka nemi katin shaida, asusun da kuɗin da ke ciki duk sun tafi. Kada kuma ya janye mai saye ta bayan gida don gudun la'ada. Ya karanta sharaɗin ya amince, alkawari ne, ko da kamfani aka yi shi.

Tun daga ranar farko kuma ya riƙa tara abin da ba mai iya rufe masa: kwafin ayyukansa da aka yarda ya nuna, takardun shaida daga waɗanda ya yi wa aiki a gida, lambobin mutanen da ya samo da ƙafarsa. Kada ya bar kuɗi su taru a asusun kasuwa. In ayyukan sun kai a nuna, sannan ya sayi sunan shafi, ya yi shafi ɗaya marar nauyi da zai buɗe a ƙaramar waya, da Faransanci da Hausa, da Ingilishi in ya iya. Wanda kuwa hajarsa ta gida ce tun asali, kamar mai ɗaukar bidiyon biki ko mai tsara takardun ƙungiyoyi, ban ga abin da zai kai shi sayen tikitin Upwork ba.

Akwai wata hanya da ban cika jin ana kawowa a fada ba, alhali ta fi dacewa da halinmu. Mutum biyar ko shida, mai fassara da mai zane da mai bidiyo da mai lissafi, su haɗu a suna ɗaya da shafi ɗaya da rajista ɗaya. Starlink ya fara aiki a Nijar a hukumance a watan Maris 2025. Kuɗin kayansa da na wata sun fi ƙarfin matashi ɗaya, amma ba su fi ƙarfin shida ba, haka ma allon rana da batir. Idan rashin lafiya ko rasuwa ta tsayar da ɗaya, wani ya ƙarasa aikin, alkawari bai karye ba. Ofis ma ya fi sakin jiki da ƙungiya mai adireshi fiye da mutum ɗaya mai lambar waya. Wahalarta a rabon kuɗi take, don haka a rubuta komai tun kafin jikar farko ta shigo, a sa hannu gaban shaidu.

Abu ɗaya ne ya fi ƙarfin matasan, ko su ɗaya ko su shida, shi ne ƙofar karɓar kuɗi daga waje. Muddin ɗan Nijar ba zai iya sa maɓallin biya a shafinsa wanda katin Faransa ko Kanada zai bi kuɗin su faɗo asusunsa na gida ba, zaɓin da ake gardama a kai bai cika zaɓi ba, dole ce take tura shi wurin dillalin ƙetare. Kamfanonin aika kuɗinmu sun nuna suna iya kai jika biyar daga Yamai zuwa ƙauyen Damargu cikin ƴan mintoci. Su da bankuna da hukumar ANSI mai kula da harkar zamani, da babban bankin BCEAO da ke ba da izini, su ya kamata a tambaya yaushe za a buɗe wannan ƙofa ga mai aikin Yuro 50, da kuɗin cirewa da ba zai cinye ribar ba.